Gurnanin Ƙahon Badujala A Jos

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon fareti a Jos ranar 1 ga Oktoba, ya ga wani dogon ƙaho na tagulla wanda mabushinsa ke tura hannu gaba yana jawowa baya. Sunansa turombon. 'Yan badujalar soja da na 'yan sanda suna da shi, haka kuma samarin Boys' Brigade na majami'u.

To, ƙahon nan yana da wata murya can ƙasa, kamar rugugin hadari daga nesa, wadda ba kowane mabushi ke iya fitar da ita ba. In da za a miƙe bututunsa, tsawonsa ƙafa 9 ne. Leɓɓan mutum su ke karkarwa su ba da sauti, ƙaho ya ɗauka. Don wannan murya sai su kaɗa sau 58 kacal a daƙiƙa guda. In an tura bututun har ƙarshe, su sauko wajen 41. Kunnen ɗan Adam kuwa daga wajen 20 ya ke fara ji.

Ga inda gizo ke saƙar. Yaro sabon shiga ya kan zaci ƙarfi a ke sawa. Sai ya matse baki, ya danna ƙahon a kan haƙora, ya hura iyakar ƙarfinsa. Iska ta fita fuu a banza, leɓe ya kumbura, wanshekare ko muryar tsakiya ta gagare shi, ga fareti ya matso. Gwanaye sakin leɓe su ke yi, su sauke haɓa, su saki numfashi mai ɗumi sannu sannu, kamar mai huci a kan madubi zai goge. Sai dai muryar akwai cin iska, numfashi ɗaya ba ya zuwa ko'ina.

Jos kuma da tata wahalar. Garin yana bisa tudu wajen ƙafa 4,000, sanyin Disamba kuwa ba a ba yaro labari, alhali a lokacin ne bukukuwan Kirsimati ke neman mabusa. Ƙaho in ya yi sanyi muryarsa ta kan ja ƙasa, hunturu ya tsattsaga leɓe. Shi ya sa mai wayo ke ɓoye bakin ƙahonsa a aljihu har a zo farawa.

A Faransa, cikin 1837, wani mai tsara kiɗa, Berlioz, ya sa turombon 8 su yi wannan gurnani tare da sarewa 3 a kiɗansa na addu'ar mamata.

Bahaushe dai ba baƙon dogon ƙaho ba ne. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki. Kakaki ba shi da bututun turawa, ba shi da ramin yatsa. Muryarsa ta sama da ta ƙasa duk da leɓe a ke canza su.