Fiffiken Jirgin Sama: Kowace Sura Da Aikinta

Da za a yanke fiffiken jirgin sama daga gaba zuwa baya kamar yadda ake yanka burodi, abin da za a gani a wurin yankan shi ne goshi dunƙulalle, gadon baya mai ɗan doro, sannan jiki ya tafi yana sirancewa har ya ƙare da kaifi. Injiniyoyi sun fi shekara ɗari suna bincike a kan wannan sura, domin ita ke yanke hukuncin nauyin da jirgi zai ɗauka, gudun da zai yi, man da zai sha, da kuma yadda zai yi wa matuƙinsa biyayya a lokacin sauka.

Aikin fiffike shi ne ya karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Iskar da ke bi ta gadon baya tana ƙara sauri, matsinta ya ragu, sai matsin da ke ƙasa ya rinjaya. Idan matuƙi ya ƙara ɗaga goshin fiffike, ƙarfin ɗagawa yana ƙaruwa, amma da iyaka. A yawancin fukafukai, da an kai wajen digiri 15 sai iska ta saki gadon baya ta hargitse, jirgi ya fara zubowa. Yadda fiffike ke isa wannan iyaka, a hankali ko farat ɗaya, yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa kafin a zaɓe shi.

A shekarar 1901, 'yan'uwan nan biyu Wilbur da Orville Wright suka haɗa akwatin hura iska a shagonsu na kekuna da ke Dayton a Amurka, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 kafin tashinsu na Disamba 1903. Fukafukan wancan zamani sirara ne ƙwarai. Sai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya binciken Ludwig Prandtl da abokan aikinsa a Gottingen ta Jamus ya nuna cewa fiffike mai kauri ya fi jure ɗaga goshi, ga shi kuma da wurin ɓoye ginshiƙin da ke riƙe shi. Jirgin yaƙin Fokker D.VII na 1918 ya ci moriyar wannan.

Hukumar NACA ta Amurka, wadda daga baya ta zama NASA, ita ta kawo tsari cikin lamarin. A 1933 ta fitar da sakamakon gwajin surori 78, kowace da lamba huɗu masu bayyana ta. Ɗauki 2412. Lambar farko na nufin doron ya kai kashi 2 cikin 100 na tsawon fiffike daga goshi zuwa baya. Ta biyu na nufin ƙololuwar doron tana daidai kashi 40 cikin 100 daga goshi. Biyun ƙarshe kuwa kauri ne, kashi 12 cikin 100. Wannan sura ce tushen fiffiken Cessna 172, jirgin da ɗimbin matuƙa a duniya suka koyi tuƙi da shi. Abin da ya sa ake son ta a wannan aiki shi ne haƙuri: idan ɗalibi ya wuce gona da iri, jirgin yakan ba shi alama tun kafin abu ya ɓaci. Ita kuwa 0012 ba ta da doro sam, samanta da ƙasanta ɗaya. Irinta ake sa wa wutsiyar jirgi, kuma jiragen wasan ƙundumbala suna son fiffike marar doro saboda suna tashi a kife kamar yadda suke tashi a daidai.

Wani zaɓin yana da kyau a takarda, amma yana da tsada wajen kulawa. Jirgin P-51 Mustang na Yaƙin Duniya na Biyu an yi masa fiffike wanda kaurinsa ya ja baya, don iska ta daɗe tana bin jikinsa sumul, turjiya ta ragu. A ɗakin gwaji ya ba da mamaki. A fagen aiki kuwa, kan ƙusa, ɗan lotsawa ko ƙwaron da ya manne a goshi sun isa su cinye yawancin ribar.

Manyan jiragen fasinja matsalarsu daban. Suna gudun da ya kai kusan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na saurin sauti, don haka iskar da ke kan gadon baya takan zarce saurin sautin, ta haifar da turjiya mai yawa. Richard Whitcomb na NASA ya baje saman fiffike, ya lanƙwasa bayansa, aka gwada a jirgin F-8 a 1971. Jiragen fasinja na yau da zuriyar wannan sura suke tashi.

A ganina, babban kuskuren matasan da ke ƙera ƙananan jirage da marasa matuƙi shi ne kwaikwayon fiffiken babban jirgi saboda ya burge su. Ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali ba ya mu'amala da iska kamar babba; iska ta fi saurin sakinsa, shi ya sa yake buƙatar madaidaicin kauri da isasshen doro. Ga kuma zafi: iskar Sakkwato ko Agadas a watan Afrilu ta fi ta safiyar hunturu sauƙi, fiffike yana samun ƙarancin abin turawa, dole jirgi ya ƙara gudu kafin ya tashi.

Don haka kafin ka zana komai, rubuta nauyin jirginka, gudun da kake so, da tsawon filin da zai sauka. Idan wannan ne karonka na farko, fara da Clark Y, surar da Virginius Clark ya tsara a 1922, wadda Charles Lindbergh ya ƙetare Tekun Atlantika da ita a 1927. Ƙasanta a shafe yake, kana iya haɗa ta a kan tebur ba tare da ta karkace ba. Ka tashi da ita, ka auna, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka sauya abu ɗaya kacal a kowane gwaji.