Yadda Ake Fitar da Baƙin Azurfa

Baƙin da ke rufe zobe ko awarwaron azurfa ba dauɗa ba ne. Sinadarin farar wuta da ke cikin iska ne yake haɗuwa da azurfar, shi ya sa sabulu ba ya fitar da shi. Mai gogewa da toka kuwa, azurfar kanta yake kankarewa.

Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a zuba tafasasshen ruwa lita 1, da bekin soda da gishiri cokali ɗai-ɗai. Wajibi ne azurfar ta taɓa takardar, domin ta nan 'yar wutar lantarki ke gudana, ta raba azurfar da farar wuta. Warin baragurbin da ke tashi shi ne alamar aikin yana ci. Ba a tsoma kayan da aka manna wa duwatsun ado.