Me Ya Sa Na'urar Ɗumama Gida Take Komawa AC Ana Tsakiyar Hunturu?

Duk wanda ya taɓa buɗe firiza ya tarar ƙanƙara ta lulluɓe bangonta, ya san rabin matsalar da za mu duba yau. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Norwe, Finlan da Suwidin, gidaje da yawa suna ɗumama ɗakuna da wata na'ura da za mu kira famfon zafi. A Norwe ma fiye da rabin gidaje suna da ita.

Ba wata baƙuwa ba ce, AC ce da aka juya. AC tana kwashe zafin ɗaki ta watsar waje, ita kuwa wannan tana tatso zafi daga iskar waje ta shigo da shi ciki. Don ta yi hakan, dole bututun gas ɗin da ke waje ya fi iskar sanyi. Nan ne gizo ke saƙa: laimar da ke cikin iska tana taɓa bututun sai ta daskare. Abin ya fi yawa idan sanyi yana kusa da digiri 0 zuwa 5 kuma akwai laima. Ƙanƙarar tana toshe hanyar iska, zafin da ake samu ya ragu, kwamfureso ya sha wahala, kuɗin lantarki ya ƙaru.

Yadda take narkar da ita

A cikin na'urar akwai wani bawul mai hanya huɗu. Da lokaci ya yi, sai ya juya tafiyar gas, na'urar ta koma AC. Gas mai zafi daga kwamfureso ya nufi bututun waje, fankar waje ta tsaya don kada ta hure zafin. Cikin mintuna kaɗan, galibi ƙasa da 10, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya zubo, tururi ya tashi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gobara ce.

To masu gida fa? A ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a bango, fankar ciki ce take tsayawa don kada ta hura musu sanyi. A yawancin gidajen Amurka kuwa, hita ta lantarki ce take kunnuwa ta rufa asiri.

Inda manhaja ta shigo

A matsayina na mai rubuta manhaja, abin da ya fi jan hankalina shi ne: yaushe za a fara? Tsofaffin na'urori agogo suke bi, bayan minti 30, 60 ko 90 na aiki su duba, idan bututun ya yi sanyi sosai su fara narkarwa, ko da ƙanƙarar ba ta taru ba. Sababbi kuwa suna kwatanta sanyin bututu da na iskar waje ta hanyar sensa, ba sa juyawa sai bukata ta kama.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Idan aka yi gaggawa, an ɓarnatar da wuta kuma an sanyaya gida a banza. Idan aka makara, na'urar ta shaƙe. Shi ya sa idan ka ga ƙanƙara mai kauri ta kwana a jikinta ba ta narke ba, masu gyara sukan fara da duba sensa, bawul, allon sarrafawa da yawan gas.