Kalma ɗaya da jan biro

Ɗan ƙanwata ya shigo gidana a Mabera bayan la'asar, ransa a ɓace, ya miƙo mini takardar gwajin lissafi. "Kawu, dubi abin da malam ya rubuta mini." Kalma ɗaya ce da jan biro a gefen amsarsa: trivial. Ya duba ƙamus a waya, ya ga ana nufin abin da bai taka kara ya karya ba, sai ya ɗauka an kira aikinsa banza. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne malamin bai soke amsar ba, har rabin maki ya ba shi. Wa ke ba banza maki?

Na fara da kalmar kanta. Daga harshen Latin ta fito: tri uku ne, via kuma hanya, wato mararrabar da hanyoyi uku suka haɗu. Abin da ya faɗi a mararraba kowa na iya tsinta, hirar da aka yi a can kowa ya ji ta. Ashe tushen ma'anar gama-gari ne, babu zancen kuskure a ciki.

Akwai kuma wata ukun. A tsoffin makarantun Turai ana kiran fannonin farko trivium: nahawu, manɗiƙi da balaga. Sai ɗalibi ya sauke su zai hau huɗun gaba, har da lissafi da falaki. A Ingilishin ƙarni na 15 kalmar trivial waɗannan fannoni take nufi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta koma nufin abu maras nauyi. Nan raina ya sosu. A nan Sakkwato waɗannan ukun su ne ƙashin bayan karatu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ kan nahawu, kuma har gobe babu malamin zaure da zai kira nahawu ƙaramin abu.

Duk wannan bai warware zancen rabin makin ba, sai na karanta tambayar. An ce a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta, za ta yi daidai da ninkinta sau uku. Yaron ya rubuta sifili, ya ajiye biro.

Sifili daidai ne. Amma masu lissafi suna kiran irin wannan amsa trivial, domin tana zaune a mararraba, kowa ya zo wucewa zai gan ta. Malamin cewa yake: ka tsinci ta bakin hanya, ina ɗayar?

Na mayar masa da takardar. Ya yi shiru, yana ta zane a bayanta, can ya ɗago kai.

"Kawu, 3 ce."

Malaman lissafi, don Allah ku riƙa fassara wa yara wannan kalma tun ranar farko.