Lissafin da ke fitar da lokacin Asuba, da abin da ya sa yake cijewa a Landan

Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa wajen 20 ga Yuli, jadawalin sallah na masallatan Birtaniya kan saɓa wa juna game da Isha'i da Asuba. Saɓanin ya fi fitowa fili a shekarun 2015 da 2016, lokacin da Ramadan ya faɗo a tsakiyar wannan zango, domin kowa na son sanin lokacin da zai ajiye sahur.

Tushen lamarin yana cikin wani reshe na lissafin kusurwoyi da ake kira juyin kosin, wanda ake rubutawa cos⁻¹ a jikin kalkuleta.

Mene ne juyin kosin?

A ɗauki tsani mai tsawon mita 6 da aka jingina da bango, gindinsa na nesa da bangon da mita 3. Idan aka raba 3 da 6 za a samu 0.5. Wannan adadi shi ne kosin na kusurwar da ke tsakanin tsanin da ƙasa.

Kosin yana karɓar kusurwa ya ba da adadi. Juyinsa kuwa yana karɓar adadin ya dawo da kusurwar. Idan aka saita kalkuleta a kan digiri, aka nemi cos⁻¹ na 0.5, amsar ita ce digiri 60. Alamar ⁻¹ a nan ba ta nufin a raba 1 da kosin, kuskuren da ɗalibai kan yawaita yi.

Sai dai akwai iyaka. Kosin na digiri 0 shi ne 1, na digiri 90 sifili ne, na digiri 180 kuma −1. Babu kusurwar da kosin ɗinta ya haura 1 ko ya gaza −1, saboda haka juyin kosin ba shi da amsa ga duk adadin da ya fita daga wannan shinge.

Yadda ya shafi sallah

Hukumomi da dama, ciki har da Rabiɗatul Alamil Islami, suna ƙiyasta fitowar alfijir da lokacin da rana take digiri 18 a ƙarƙashin layin da sama ta haɗu da ƙasa. Manhajojin waya suna haɗa wannan adadi da nisan gari daga layin Ikweta da kuma karkatar rana a wannan yini, su fitar da adadi guda. Juyin kosin na adadin shi ne kusurwar da ke tsakanin alfijir da zawali. Da yake duniya na juya digiri 15 a kowace sa'a, sai a raba kusurwar da 15.

A ranar 21 ga Yuni rana takan karkata arewa da kimanin digiri 23.4. A Kano, wadda ke digiri 12 arewa da Ikweta, adadin yakan zama kusan −0.44. Juyin kosin ɗinsa ya kai digiri 116, wato alfijir na keto ne kimanin sa'a 7 da minti 44 kafin zawali.

A Landan kuwa, wadda ke digiri 51.5, adadin a wannan rana kusan −1.09 ne. Ya fita daga shingen, kalkuleta kuma za ta nuna alamar kuskure.

Na'urar ba ta lalace ba. Ko a tsakar dare, rana ba ta nutsewa fiye da digiri 15 a Landan a wannan lokaci, don haka hasken shafaƙi yakan haɗe da na alfijir. Haka abin yake a kowane gari da ya zarce digiri 48.5.

Ina mafita?

Ƙididdige lokutan sallah tsohon ilimi ne. A ƙarni na 14, Shamsuddin al-Khalili, masanin lokutan sallah a Masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa, ya tsara jadawali masu ɗauke da dubban adadi da hannu. Amma a Dimashƙa da Alƙahira da Makka dare yana cika duhunsa duk shekara.

A inda amsar ta ɓace, malamai ne ke yin ƙiyasi. Wasu na bin lokacin ranar ƙarshe da alamar ta bayyana, wasu na aron lokacin gari mafi kusa da dare ke cika, wasu kuma na raba dare kashi bakwai su ba Asuba kashin ƙarshe. Kowace hanya da lokacin da take bayarwa.

Shi ya sa manhajoji da yawa ke da wurin zaɓen tsarin ƙasashen da ke can arewa. Mazaunin Birtaniya ko Jamus ko Kanada zai amfana idan ya tambayi tsarin da masallacinsu ke bi, sannan ya daidaita wayarsa da shi.