Tumbi da ciwon sukari a gidajenmu

Mun saba ɗaukar tumbi shaidar wadata, alhali likitoci na sanya kitsen ciki a sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo ciwon sukari, domin yana hana sinadarin insulin aiki yadda ya kamata. Gado ma yana da hannu: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da cutar ya fi kusa da ita, haka wanda ya haura shekara 45. Waɗannan ƙaddara ce. Amma hawa babur zuwa masallacin bayan gida, da buɗa-baki da lemon kwalba, mu muka zaɓa wa kanmu. Cutar takan shekara da shekaru ba ta nuna alama ba, sai gwajin jini ya tona ta.