Ƙusar Da Ke Riƙe Da Injin Kwale-kwale

Mu mazauna Wiliyamsbil da Ajame mutanen tudu ne, amma da yawanmu kan hau kwale-kwale daga Tireshbil zuwa Abobo-Dume, mu ƙetare ruwan Ebriye da kayan sana'a. To jama'a, ku dubi bayan jirgin. Injin da ke rataye can yana jingine ne da wata ƙusar ƙarfe, wadda ake sauya wa huji.

In aka sa ta hujin da ke dab da jirgi, sai goshinsa ya duƙa yana noman ruwa. Ga buhunan albasa a gaba, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta faɗo ciki. In kuwa aka kai ta hujin waje, goshi ya ɗaga, farfela ta shaƙi iska, inji na kuka, mai na ƙonewa a banza. Abin da ake so, faifan da ke saman farfela ya daidaita da ƙasan jirgi. A kashe inji tukuna, a matsa huji ɗaya, a gwada.

Tun da aka buɗe mashigin Biridi a 1950 ruwan teku ke shigowa, gishiri kuwa kan ci ƙusar nan har ta ƙi fita. Sai a riƙa shafa mata giris.